Dutsen da Muka Ji An Ce Magani Ne

Motoci masu baƙin gilashi sun fara bin tsohuwar hanyar ramin nan da ke arewa da gari. Jikana ne ya kawo min labarin, shi da yake wuni a kan babur tsakanin Jibiya da bakin iyaka babu abin da ke wuce idonsa. Ya ce wasu mutane ne ke sauka, su tsuguna, su tsinci duwatsu su zuba a ƙananan buhuna, su koma mota ba su ce wa kowa sannu ba, wai za a sake buɗe wurin. Yana faɗa yana washe baki kamar an ce masa gobe Sallah. Ni kam ban taya shi murna ba. Tun ina yarinya ba a sayar min da magana da arha, balle yanzu da na ga jiya na ga yau. Mutumin da ya baro garinsu a mota mai sanyi ya zo yana shinshina ƙasarmu, ai ba gaisuwa ce ta kawo shi ba. Kuma ramin nan na san shi tun kafin ya zama rami.

A da wani ɗan tudu ne kawai, can inda gonaki ke ƙarewa, daji ya koma sabara da geza da ƙaya, ƙasar ta yi fari fat sai shi kaɗai baƙi a tsakiya. Innarmu maginiyar tukwane ce, ni ce kuma 'yar aikenta, don haka na san tudun nan kamar tsakar gidanmu. Dutsen samansa ba shi da nauyi, gungu-gungu yake kamar kashin awaki ya manne da juna, in ka murza shi sai ya bar maka baƙi a hannu irin na gindin tukunya. In ka ɗan tona ƙasa sai ka tarar da wani dutsen daban, mai rabuwa fale-fale, kuma in ka raba shi sau da yawa za ka ga zanen wasu 'yan rassa baƙaƙe a jikinsa, sirara ƙwarai, kamar an zauna an zana itatuwa da tsinke. Wannan Inna ba ta yarda a shigo mata da shi gida. Takan ce ba ta san wanda ya yi zanen ba, kuma ba ta neman sani. Na saman muke ɗebowa a ƙwarya, in durƙusa in niƙa shi, ta kwaɓa da ruwan bagaruwa ta ja wa tuluna da randuna layi a wuya. Har yau in na rufe ido ina jin bugun ɗan katakonta a jikin ɗanyar tukunya tun da hantsi, da kukan kurciyoyi a kan darni, da muryarta tana cewa niƙan bai yi laushi ba in sake. Yanzu wa ke ta tulu? Jarka ce ko'ina, rawaya da shuɗiya, ruwa ya wuni a ciki ya yi ɗumi ya ɗauki warin roba, a sha a ce an ci gaba.

Ina 'yar budurwa wani Bature ya zo da ƙaramar guduma da tafintansa. Ya yi kwanaki yana ƙwanƙwasa tudun, sannan aka tara dattawa a ƙofar mai gari ya yi musu bayani. Mu mata muna leƙe ta bayan zana. Ya ce wai tun kafin a yi mutane, wurin nan ƙasan teku ne, wani baƙin laka ya kwanta a can, ƙasa ta danne shi ta gasa shi har ya zama dutse, daga baya ta turo shi sama, ruwan sama kuma ya yi ta cin bayansa shekara da shekaru har ya ruɓar da shi ya bar wannan baƙin mai laushi. Babana da ya dawo gida ya zauna yana girgiza kai, ya ce da Inna, "Mutumin da ya iya kallon idonka ya ce teku ta taɓa kwana Jibiya, mi ne ne ba shi iya faɗi?" Da aka tambayi sunan dutsen, tafinta ya ce manganis. Kunnen tsofaffi kuwa bai san wannan kalma ba, sai ya ji wadda ya sani. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa Bature da bakinsa ya ce magani ne.

Kasuwa ta gaba har an fara ƙulla garinsa a tsumma ana sayarwa. Wannan ya ce na ciwon gwiwa ne, wancan ya ce na basir, wani ya rantse ya shafa wa jakinsa a gyambo ya warke. Fatake suka riƙa tsallakawa da shi Maraɗi. Inna ta taɓe baki ta ce ita da ta tsufa tana kwaɓa shi, in da magani ne da bayanta bai hana ta barci ba. Wasu kuma suka ce ba magani ba ne, zinariya ce a ɓoye cikinsa, shi ya sa ake rufa-rufa. Tafinta ya yi ta faɗi cewa batirin tocila ake yi da shi, ana kuma zuba shi cikin ƙarfe don ya yi ƙwari, babu wanda ya saurare shi. Yayana, wanda nake bi, har fasa tsohon batir ya yi a tsakar gida ya nuna wa Baba baƙin garin da ke ciki. Baba ya murza a yatsa, ya shinshina, ya ce ai dole su zuba kaɗan a nan don su rufe bakin masu tambaya. Haka muke, kuma ban ce mun yi laifi gaba ɗaya ba, domin ba a taɓa zuwa an ɗauki abu a ƙasarmu an gaya mana gaskiyar kuɗinsa ba.

Aka fara haƙa. Tudun ya koma rami, aka kafa wata doguwar rumfar kwano a gefensa. Masu haƙa su turo dutse, 'yan rumfa su farfasa shi da guduma, su tankaɗe a rariyar waya, a ɗura a buhu, manyan motoci su kwashe su yi kudu. A bushe ake komai, don ruwan da za a yayyafa ya fi ƙarfin wurin, na sha ma a kan jakai ake kai musu. Daga nesa kana jin gudumomin nan, kas, kas, kas, kana ganin baƙin hayaƙin gari ya tsaya a ƙarƙashin kwano ba ya fita. Yaya a rumfar yake. A nan ya haɗu da wani saurayi ɗan dako daga tsallaken iyaka, wanda kowa ke kira Na-Maraɗi, har ya jawo shi ya sauka a zaurenmu. Kullum da yamma su dawo baƙi ƙirin, ido da haƙora kawai kake gani, in sun yi kaki baƙi ne, in sun fyace majina baƙa ce. In ɗebo musu ruwa su wanke, su zauna su ci tuwo a kwano ɗaya suna musu a kan kokawa.

Na-Maraɗi dogo ne, mai saurin dariya, kuma bakinsa cike da kalmomin can. Mota babba kamiyo ce a wurinsa, masu duba kaya a iyaka kuma duwan. Ni kuma ba na barin ta wuce.

"Wai kai yaushe za ka koyi Hausa?" na ce masa wata rana, ina ɗauke da tuluna zan kai kasuwa.

"Ranar da kinka koyi ɗaukar kaya," ya ce. "Dubi yadda kinka jera su, kamar mai neman asara. Sauke in gwada miki."

Ya karɓa ya ɗora a kansa har kasuwa, bai fasa ko ɗaya ba, bai kuma yi shiru ko na taki ɗaya ba. Na so shi, ba ni da abin ɓoyewa a wannan shekarun. Shi ma ya so ni, ya turo kawunsa daga can aka kawo gaisuwar iyaye, Baba ya karɓa da fara'a, aka ce in an kai amfanin gona gida za a sa rana.

Sai maganar shugabancin rumfa ta taso. Na-Maraɗi ya fi kowa daɗewa da iya aikin, amma aka ba Yaya, wai don shi ɗan gari ne. Abin ya yi wa Na-Maraɗi ciwo, suka yi cacar baki a zaure, har muka ji daga cikin gida yana cewa, "To riƙe da kyau! Mu gani in ƙahwarka ta iya ɗaukar ta." Maganar fushi ce irin ta samari, kafin Juma'a sun koma kwanonsu ɗaya. Amma Baba yana alwala a bakin ƙofa lokacin, kuma Baba ba ya zubar da maganar da ya tsinta.

Kafin kaka Yaya ya fara canzawa. Da fari barci ne, yana cikin cin abinci sai ya yi gyangyaɗi. Sai dariya ba dalili, a yi maganar rasuwa ya fashe da ita, ya kasa tsayawa, hawaye na zuba. Daga nan fuskarsa ta daskare, ba fushi ba murna, kamar an shafe ta da yumɓu ta bushe. Muryarsa ta ƙanƙance sai ka matso. Abin da ya fi tayar mana da hankali tafiyarsa ce: ya koma taka ƙasa da kan yatsu, dunduniya a sama, ƙirji a gaba, hannuwa a lanƙwashe, kamar zakara. In ya zo juyawa sai ya yi ta 'yan taku, in kuwa aka ce ya ja da baya sai ya faɗi. Ƙafar da aka ce a gani ko za ta ɗauka, ga ta ta kasa.

Baba ya je wurin wani mai duba a wajen Bugaje, ya dawo fuska a murtuke. An gaya masa wai aikin na kusa ne, na wanda hannunsa ke shiga kwano ɗaya da na yaron. Ni dai ko a lokacin na ce a raina, wa ye a yankin nan bai san su biyun suna cin abinci tare ba? Amma ba a tambaye ni ba. Da hantsi, Na-Maraɗi yana wurin aiki, Baba ya zazzage jakarsa a zaure. A can ƙasa aka sami ƙulli a farin tsumma, an ɗaure bakinsa tam, cike da baƙin gari. Aka aika aka kira shi. Ina tsaye a bayan ƙofar zaure.

"Wanga mi ne ne?" in ji Baba.

"Baba, garin dutse ne. Tsohuwata na ƙulla ma, gwiwa ke damunta, ta ji an ce magani ne."

"Magani ne hwa. Mun ga aikinai."

"Wallahi Baba kowa na da irinai. Ku duba gidan da kunka so cikin garin ga."

"Kowa ne ya ce a gani in ƙahwa tai ta ɗauka?"

Na-Maraɗi ya juya wurin Yaya da ke jingine da bango, ya ce, "Kai ma ka yarda?" Yaya ya yi ƙoƙarin magana, sai dariyar nan ta ciwo ta ƙwace masa, ya yi ta yi, fuska ba motsi. Kowa ya fassara ta yadda ya ga dama. Baba ya ce a tattara kayan gaisuwa a mayar, kuma kada rana ta faɗi ta same shi a wannan gefen iyaka. Ya ɗauki jakarsa ya fita, bai ko karkaɗe baƙin da ke jikinsa ba.

Na yi kuka har na rame. Na gaya wa Inna ban yarda ba, ta ce in rufe bakina, gidan da ke da mara lafiya ba ya buƙatar mai gardama. Abin da zargi ke yi wa gida kuwa, wanda bai zauna cikinsa ba ba zai gane ba. Aka daina karɓar abincin maƙwabta. Aka tone bakin zaure ana neman abin da aka binne. Baƙon da ya roƙi ruwa sai an bi shi da ido har ya sha kwana. Ni kaina zuciyata ta koma kasuwa, yau in zargi mai duba, gobe in zargi Bature da tafintansa, wata ranar ma, Allah ya sani, in tuna yadda muryar Na-Maraɗi ta yi kaushi ranar cacar baki, in ce to ko dai? Kowa mun zarga. Ƙurar da suke shaƙa daga safe zuwa yamma ce kaɗai ba ta zo a ran kowa ba, don wa zai zargi abin da aka ce magani ne?

Ramin ma bai yi tsawon rai ba. Ashe baƙin mai laushi fata ce kawai a sama. Da suka nutsa sai suka ci karo da wani dutse mai tauri, toka-toka, da 'yan ƙwayoyi ja-ja a jikinsa, guduma na tsalle in ta dake shi. Aka ce wannan ba ya biyan kuɗin mota. Wata safiya aka wayi gari an kwance kwanon rumfa, motoci sun tafi. 'Yan rumfa yawancinsu baƙi ne, kowa ya kama hanyar garinsu, ba mu sake jin yadda suka ƙare ba. Damina ta cika ramin da ruwa, makiyaya suka samu mashaya. Inna ta rasa abin ja wa tulu layi, ta koma aikena bin bola ina tsinto matattun batura muna fasawa. Takan ce wataƙila ma namu ne ya je ya dawo, an sa masa riga.

Shekaru suka tafi. Na yi aure a nan cikin gari, mutumin kirki, Allah ya jiƙansa, na haifi 'ya'yana, na gaji sana'ar Inna. Yaya yana nan a gidan Baba, ciwon na cinsa a hankali, daga dogara sanda har ya koma sai an ɗaga shi an fito da shi inuwa.

Wata ranar kasuwa na baza tukwanena kusa da inda motocin Maraɗi ke sauke fasinja. Ina cikin ciniki na hango wani mutum ta baya yana ratsa taro, a kan yatsu, dunduniya a sama, hannuwa a lanƙwashe. Na ce a raina, wa ya fito da Yaya? Sai na tuna Yaya ya daɗe bai taka ƙofar gida ba. Mutumin ya zo juyawa, ya yi ta 'yan taku, 'yan taku, har ya fuskance ni. Na-Maraɗi ne. Gashi ya yi fari, fuskar nan mai saurin dariya ta daskare, irin daskarewar da nake gani kullum a gidanmu. Na bar mai sayen tulu a tsaye na nufe shi. Na gaishe shi, ya daɗe yana kallona, sannan ya motsa baki, sai da na kai kunnena kusa.

"Yayanki, shina tahiya har yanzu?"

"A'a," na ce. "Sai an ɗaga shi. Kai tun yaushe?"

"Ban cika shekara da komawa ba ta kama ni." Ya huta, ya haɗiye yawu da ƙyar. "Akwai wani Ba'adare da munka yi rumfa tare. Shi ma hakanan. Ya rasu."

Ya ce wani likita a can ya tambaye shi aikin da ya taɓa yi, da ya faɗa masa sai ya ce ƙurar dutsen ce ta hau masa kai, kuma ba ta sauka. Na ɗebo masa ruwa a moɗa, hannunsa ya kasa riƙewa, sai ni na riƙe masa ya sha. Bai yi min ƙorafin komai ba. Da ma ya zage ni, da ya fi min sauƙi. Ƙanensa ya zo ya kama shi suka nufi wurin masu hatsi, yana tafe yana tangaɗi, ko abin dogarawa babu a hannunsa.

Ban tsaya kwashe tukwane ba, na bar wa maƙwabciyata, na tafi gidan Baba kai tsaye. Na same shi a inuwar zaure yana jan carbi, ya tsufa ƙwarai, Yaya na jingine a gefensa. Na durƙusa na faɗi duk abin da na gani da abin da na ji, har da na Ba'adaren, har da maganar likita. Ina faɗa ina jin kamar ana sauke min dutse daga ƙirji, ina cewa yau dai za a wanke bawan Allahn nan.

Baba ya saurara har na gama. Ya ja carbinsa, ya gyaɗa kai a hankali.

"Allahu akbar," ya ce. "Ashe abinai ya koma mashi."

Na zauna daɓas a ƙasa, raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Sai na ji Yaya yana wani gurnani, yana motsa yatsu wajen lungun ƙofa. Na matsa na kai kunnena bakinsa. Ya daɗe yana tattaro maganar, da ta fito kuwa ta fito da ƙarfin da har Baba ya ji.

"Sandata. Ki kai mashi. Ni na gama da ita."

Tana nan jingine a lungu, gizo-gizo ya yi saƙa a kanta, wurin riƙon ya yi santsi. Na tashi na ɗauko ta, na goge da bakin zanena, na ratsa ta gaban Baba da ita a hannu. Carbin ya tsaya a yatsunsa. Bai ɗago ya dube ni ba, amma bai ce in ajiye ba.